Kaset Ɗin da Ya San Gidansu

Maƙwabciyata mutuniyar Dass ce, Kirista, mun tsufa katanga ɗaya a Fadaman Mada. Da ciwon ƙafa ya kwantar da ita, 'ya'yanta suka ce za su mayar da ita gida. Abu ɗaya ta roƙe ni: ta ga maigidanta marigayi yana rawa a bikin 'yarsu. Kaset ɗin bikin kuwa ni kaɗai ke da shi, domin nasu ruwan sama ya cinye.

Na ce mata, “Ƙawata, sai kin tafi da shi a faifai.”

Na kai wa wani mai gyaran bidiyo a Ƙofar Dumi. Yana sawa, injin faifan ya ƙi ɗauka.

“Hajiya, ai wannan fim ɗin kamfani ne. Da makulli a jikinsa, ba ya kwafuwa.”

“Ɗan nan, wane kamfani ne ya aurar da 'yar maƙwabciyata?”

Ashe da gaskiyarsa. Ranar da mai ɗaukar hoto ya zo ba mu da sabon kaset, sai na zaro wani fim ɗin Indiya da na gaji da kallo, aka toshe ramin gefensa da takarda, aka ɗora bikin a kai da bidiyona. Guntun Indiyawan da ya rage a farko shi ne ke riƙe da makullin. Ya gusa kaset ɗin gaba, ya wuce su, injin ya haƙura.

Sai kuma hoto ya kama karkarwa kamar mai zazzaɓi. Farin zane ya ratsa daidai wuyan mutane, ga gangar jiki na rawa, kai babu. Ya goge kan bidiyon, ya murɗa nan, ya murɗa can. Ya canja wani bidiyon, duk ɗaya.

“Wani kaset ɗin ba ya zama daidai sai a bidiyon da ya naɗe shi,” in ji shi. “Wancan bidiyon kuwa na san tuni 'yan gwangwan sun gama da shi.”

“Bidiyon nawa? Wa ya gaya maka?”

Ni ba na yar da kayan ɗakina. Babbar 'yata ta yi mita har ta gaji, wai ina tara tarkace. Bidiyona na cikin adaka, naɗe da tsohon zanen goyo, ƙarƙashin tasoshin aurena. Na hau Keke Napep, na dawo da shi a cinya kamar jariri.

Ya hure ƙura, ya sa masa sabon bel, ya tura kaset. Hoto ya tsaya cak. Ga kawuna sun koma wuyan masu su.

Da za a tafi da maƙwabciyata na sa mata faifan a talabijin ɗin falonta. Ta daɗe tana kallo. Can ta share ido da bakin ɗankwali.

“Dube shi,” ta ce. “Har ya mutu bai iya rawa ba.”