Buhun da Ya Shiga Taswirar Ƙanwata

Ƙanwata ta rasu damina biyu da suka wuce, Allah Ya jiƙanta. A wurin zaman makoki mutane sun yi ta ba da labarin kirkinta, kuma ba su yi ƙarya ba. Ni abin da ya fi dawo mini shi ne lokacin da ta kusa sa a kama ɗan kawunmu da laifin fasa-ƙwauri, ba tare da ta san shi ne ba.

Sana'ata cajin waya. Ina da rumfa a Magama ta Jibiya, bakin titin da ya miƙe zuwa boda, da ɗan janareta da katako mai jerin soket. Karatuna ya tsaya a aji uku na sakandare. Ita kuwa ta yi ta tafiya har jami'a, ta gama digirin farko a fannin kwamfuta, ta koma na biyu. Tun tana firamare nake ce mata Dakta don tsokana, sunan ya bi ta.

Wani hutu ta dawo gida da laftof a rungume kamar jariri. Ta zaunar da ni a tsakar gida ta ce za ta yi mini bayanin bincikenta da Hausar da zan gane.

"Yaya, duk wayar da ke kunne tana gaida ƙarfen sabis mafi kusa da ita, ko mai ita ya sani ko bai sani ba. In ka matsa gaba, ta gaida na gaba."

"To, ta fi ki ladabi ke nan."

Ta harare ni ta ci gaba. Malamin da ke duba aikinta ya samo musu tarin waɗannan gaishe-gaishe daga wani kamfanin waya, an cire sunaye da lambobi. Yawansu ya fi ƙarfin laftof, don haka suna ajiye a wasu manyan kwamfutoci can wata ƙasa, ita daga nan take leƙa su. Da su ake gane inda jama'a ke zuwa da lokacin da suke zuwa, sai a san inda za a yi titi, inda za a sa asibiti. Abin da ake kira birni mai wayo ke nan, in ji ta. Na ce mata Jibiya ba wayo ta rasa ba, wuta ta rasa. Ba ta yi dariya ba, domin ta matsu ta nuna mini abin da ta gano.

Ta buɗe taswirar yankinmu, ɗigo-ɗigo ja sun cika ta, kowane ɗigo waya guda. Ta sa yatsa a kan Magama.

"Duba nan. Kullum bayan la'asar waɗannan ɗigogin suna tashi tare, su bar titi, su bi burtalin shanu, su je dab da iyaka su ɓace. Washegari da hantsi sai ga su a Magama kuma, ba wanda ya ga shigowarsu. Fita muke gani, ba ma ganin dawowa. Ka gane?"

"Aljanu ne?"

"'Yan fasa-ƙwauri ne, Yaya. In za su shigo da kaya sai su kashe wayoyinsu. In sun sauke lafiya su kunna. Mutum kusan arba'in, kullum, hanya ɗaya."

Ta ce malaminta har tafa mata ya yi. Wannan babi shi ne ƙashin bayan aikin gaba ɗaya, kuma nan da mako uku za ta gabatar da shi a wani taro da aka gayyaci jami'an da ke kula da iyaka.

Na sake duba inda yatsanta yake. Wurin da ɗigogin ke ɓullowa da hantsi rumfata ce. Ba kusa da ita ba, ita ce.

Ɗan kawunmu yana zaune a wani ƙauye bayan Magama, inda gonakinsu ke haɗe da na mutanen Nijar. Ba su da wuta, sabis ɗin Najeriya kuma ba ya kai musu sai mutum ya hau tudu. Kowace safiya yana bin gida-gida da tsohon buhun shinkafa, a zuba masa wayoyin da cajinsu ya mutu, ya ɗaure a bayan babur ya kawo mini. Da yamma ya mayar. Shekara shida yana wannan. Taron masu laifin da ƙanwata ta gano mutum ɗaya ne, mai tumbi, mai 'ya'ya bakwai.

Kwana huɗu ban ce mata komai ba. Ba na alfahari da wannan. Ban taɓa ganin ta cikin farin ciki irin na wancan hutun ba. Innarmu ta riga ta gaya wa maƙwabta cewa 'yarta ta kama ɓarayi da kwamfuta. Shekara biyu yarinyar nan ta yi a kan aikin, ga ni kuma mai aji uku zan zo in ce ba haka ba ne. Na ce wa kaina ai takarda ce kawai, a karanta a ajiye. Amma na san garinmu. Da zarar an nuna wa jami'ai masu bindiga burtali a taswira an ce ga hanyar miyagu, ba za su tsaya tambayar abin da ke cikin buhu ba. A rana ta biyar na ce mata ta zo rumfa da hantsi, ta taho da laftof ɗinta.

Tana zaune a benci ɗan kawun namu ya iso, babur yana tari. Taubashinmu ne, tsakaninsa da ita ba a gaisuwa sai da zagi. Hausarsa rabi ta can hayin Nijar ce.

"A'a! Yau 'yar boko ce ka ɗauka aiki? Ke, har yanzu ba a samu wanda zai kwashe ki ba?"

"Ina jiran ka mutu in gaji babur ɗin. Me ka ɗauko, dankali?"

"Dankalin gidanku. Matsa, kar ki taka mini amanar mutane."

Ya kwance buhun ya zazzage a kan tabarma. Wayoyi suka zubo, masu madannai da masu shafawa, wata an ɗaure ta da jan zare, wata da ƙyallen atamfa, wata a cikin safar yaro, wata an riƙe batirinta da robar daddawa. Ba ya rubuta suna. Da alamar yake gane ta kowa, kuma bai taɓa kai ta wani gidan wani ba sai sau ɗaya, wanda har yau ba a son a tuna masa.

Na fara jona su. Ƙanwata ta ɗauki ɗaya ta danna, ba ta kawo ba. Ta ɗauki wata, haka.

"Duk a mace suke zuwa?"

"To da rai gare su mi za su zo yi nan?" in ji shi. "Ke wane irin karatu kika yi?"

"In sun cika fa?"

"In kunna su mana. Can babu rezo, sabis ɗin nan naku. Nan za su sha saƙonninsu su ƙoshi, in na kai kowa shi ji abin da an ka aiko mishi. Tsohuwar nan mai jan zare, in ban kai mata muryar ɗanta na Ikko ba, ba ni da ruwan sha a gidanta."

Ta zauna nan har la'asar, ko abinci ba ta ci ba. Ta ga yadda wayoyin ke farkawa ɗaya bayan ɗaya suna ƙara. Ta ga ya mayar da su buhu duk a kunne, ya ɗaure, ya hau. Buhun yana ta kuka a bayansa, wata na kiran salla, wata na kiɗan biki, wata na kukan jariri. Ya bar titi ya karya ta burtali, domin ta nan ya fi kusa kuma babu shingen da za a tsayar da shi a ce ya zazzage.

Ta bi shi da kallo har ya ɓace, sannan ta juyo.

"Tun yaushe ka sani?"

"Tun ranar da kika nuna mini."

"Ka bar ni kwana huɗu ina yi wa Inna burga?"

"Inna ta ji daɗi ai."

Ta rufe laftof ta tafi gida a ƙasa, ta ƙi in kai ta.

Kwana biyu ba ta yi mini magana ba. A na uku na dawo cin abincin rana na same ta a zaure tana waya da malamin nata. Ina jin muryarsa sama-sama. Yana cewa buhu ɗaya ba zai rushe aikin shekara biyu ba, ta sassauta kalmomin, ta ce "ana zargin", ta gabatar hakanan, in ya so a gyara daga baya. Ta yi ta cewa to, Malam, to, Malam. Da ta ajiye ta dube ni.

"Yaya, masu caji nawa ne tsakanin nan da Bugaje da Kusa?"

"Duk inda ka ga rumfa da janareta."

"Kowa da mai buhunsa?"

"Wasu da kwali suke zuwa. Akwai mai jaki ma."

Ta dafe kai. Ta ce ashe ba babin kaɗai ba ne. Duk lissafin da ta yi na yawan masu zirga-zirga a ƙauyukan nan, ba ta san nawa ne mutane nawa ne buhuna ba. In ta cire, ba taro, ba kammalawa bana, sai ta sake tun daga tushe. Abokan karatunta za su fita su bar ta.

Na ce mata ni ban san dokar jami'a ba. Abin da na sani, mutumin nan ta burtalin zai bi gobe, ta nan zai bi jibi.

"Na sani," ta ce. "Da ma wani ne. Wannan ƙaton banzan, in aka harbe shi wa zai riƙa zagina?"

Ta buɗe laftof a kan cinyarta, ta nemo babin, ta shafa shi duka ya yi shuɗi, shafi wajen talatin. Ta ɗaga yatsa ta tsaya. Ta daɗe a haka.

"Hannuna ya ƙi. Zo ka danna, tunda kai ka jawo."

"Wanne?"

"Wannan na sama. A hankali, ba soket ba ne."

Na danna. Shafin ya koma fari. Ta yi wata 'yar dariya, ta goge ido da bakin mayafi, ta ce in ba ta aron tsohuwar waya guda, gobe za ta jefa a buhun ta ga yadda tafiyar take daga ciki.

Shekara guda cur abin ya ci mata. Ta yi ta yawo rumfa-rumfa da littafi, masu caji suna yi mata dariya, tana koya wa kwamfutarta yadda za ta bambance ayarin mutane da buhu. Malamin ya yi fushi na wata biyu ya huce. Ta kammala bayan abokanta, kuma ba ta cika shekara da karɓar takardar ba ciwo ya kwantar da ita.

Nakan yi tunanin shekarar nan. Da na yi shiru, da ta samu ta yi wani abu da ita, ko aiki, ko aure, ko hutawa kawai. Na taɓa faɗa mata haka a asibiti, ranar da ta ɗan samu sauƙi. Ta ce in daina shirme, in gyara mata matashin kai. Na gyara.

Ɗan kawun namu bai san komai ba sai bayan kwana bakwai da rasuwarta, ni na gaya masa a rumfa. Ya saurara har ƙarshe yana riƙe da bakin buhu. Ya buɗe baki zai zage ta kamar yadda ya saba, sai ya fasa. Ya durƙusa ya shiga miƙo mini wayoyin ɗaya-ɗaya, ina jonawa.