Randar da Aka Ce Ba a San Maginiyarta Ba

Shekarun baya, farkon kafa Shari'a a Zamfara, ina karatu a Ƙaura Namoda. Muna da 'yar ƙungiya ta masu zane, abokina ɗan Shinkafi ke shugabantarta. Da lokacin baje kolinmu ya zo, malaminmu ya ce bana a ajiye mutum-mutumi, kada a jawo magana. Su ne kuwa suka fi yawa cikin kayanmu, sai rabin zauren ya zama wayam.

"Ba garinku ake gina tukwane ba?" in ji abokina. "Samo mana ko ɗaya mu cike gurbi."

Ban taɓa gaya masa mahaifiyata maginiya ce ba. Da yumɓu ta ciyar da mu a Zurmi bayan rasuwar mahaifinmu. Amma tun da na fara ɗaura agogo ina saƙala biro a aljihu, nake jin nauyin a ce da ni ɗan mai tukwane. Na je gida na ɗauko wata randa mai faɗin kafaɗa, da zanen tsinke a wuyanta. Na ce wa Inna ruwa zan riƙa zubawa a ɗaki. A takardar da muka manna gindin randar na rubuta: aikin gargajiya, daga ƙauye.

Cikin baƙinmu akwai wani mai sharhi kan ayyukan fasaha a jarida. Ya wuce zanena, wanda na yi wata biyu ina fama da shi, ko tsayawa bai yi ba. Da ya iso randar sai ya durƙusa, ya zagaye ta, ya ƙwanƙwasa ta da yatsa yana saurare.

"Wa ya gina wannan?"

"Wata tsohuwa ce can wajen Zurmi," na ce.

Bayan mako biyu sharhinsa ya fito. Ya ce duk zauren randar ce ta fi cancantar a kira ta fasaha, kuma kuskure ne a riƙa ɗaukar tukwane kayan madafa kawai. Nan da nan aka ɗauke randar daga bakin ƙofar zauren, inda ɗalibai ke rataya mata hula, aka ɗora kan tebur. Malaminmu har darasi ya yi a kanta.

Na kai jaridar gida ina ta rawar jiki. Na tarar da Inna tana cuɗa yumɓu, na zauna ina fassara mata.

"Ya sha ruwanta?" ta tambaya tana dariya.

"A'a, Inna."

"To mi ya sani?"

Na ci gaba, ban ankara ba har na karanto inda ya ce abin takaici, ba a san sunan maginiyar ba. Hannunta ya tsaya.

"Ba ka wurin?"

"Ina wurin."

"Bai tambaye ka ba?"

Na sunkuyar da kai. Ba ta yi faɗa ba. Ta ce in miƙo mata ƙwaryar ruwa, ta koma aikinta.

A makon na rubuta wa jaridar wasiƙa, na faɗi sunanta, na ce ni ɗanta ne. Sai bayan watanni suka buga, a wani lungu na shafin wasiƙu. Inna ba ta karatun boko, ta ce in nuna mata wurin. Ta ɗora yatsa a kai, ta daɗe ba ta ɗauke ba.

Allah ya yi mata rasuwa tuni. Ba na ƙin mai sharhin, don alƙalaminsa ya ɗaga aikinta a idon mutane. Kaina nake jin haushi. Tun ina rarrafe nake kallon hannunta cikin yumɓu, amma sai da baƙo ya rubuta da Turanci na yarda gwana ce.