Daminar da Motar Baba Ta Kama Shan Gas

Motar mahaifinmu tsohuwar a-kori-kura ce mai ja da ƙafafu huɗu. Fara ce a asali, amma jar ƙasar hanyar gona ta rina ta har ba ka iya rantsewa a kan launinta. Dizal take sha, wanda mu nan muke kira gas. Ta hannu Baba ya saye ta tun ina sakandare, kuma bai taɓa yarda wani ya zama direbanta ba. Shi ke tuƙa abarsa daga gidanmu na cikin Ƙanƙara zuwa gonar gado da ke bayan 'Yargoje, ya ɗauki 'yan ƙwadago da safe, ya maido su kafin la'asar sakaliya.

Ni maganin dabbobi nake sayarwa, ina bin kasuwanni daga Ƙanƙara zuwa Faskari har Sabuwa. Noma bai karɓe ni ba, don haka gudunmawata a gonar gida ita ce gas. Duk lokacin da tanki ya yi ƙasa, Baba zai aiko mini da makulli in je gidan mai in cika. Saboda haka ni na fara lura. A wata damina, bayan an gama shuka an shiga noman farko, sai aiken makulli ya fara yawa. Cikon da a da yake kai mu tsakiyar wata, yanzu mako bai cika ba allurar ma'aunin mai ta kwanta.

Na same shi a ƙofar gida yana gyara ƙotar fartanya, na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Baba, motar nan fa ta fara shan gas da yawa."

Bai ɗago ba. Ya ce, "Tsufa ne. Kowa ya tsufa sai cinsa ya sauya."

Na ce ko in kai ta a duba. Ya ce, "Kai ka sani. Amma kar ka kwana da ita, gobe akwai aiki."

Abu na farko da ya zo mini a rai shi ne yoyo. Na shimfiɗa kwali a ƙarƙashinta da yamma, da safe na jawo shi. Ɗigon baƙin mai ne kawai guda biyu ko uku, irin wanda kowace tsohuwar mota ke yi. Na bi tiyon mai da hannu tun daga tanki har inji, ban taɓa jiƙa ba. Na yi zargin ko wani ke zuƙa, sai na tuna cikin gida take kwana, kusa da tagar Baba, kuma marfin tankin da kwaɗo yake. Na kai ta wajen mai faci ya gwada iskar tayoyi, ya ce na baya sun ɗan sauka, ya ƙara. Na sauya fita, wato matatar iskar inji, wadda na tarar ta toshe da ƙura har ta yi nauyi. Ranar na dawo gida da fara'a, na ce wa Baba an gano ciwon. Ya ce, "Madalla, Allah Ya yi albarka."

Mako ya zagayo, makulli ya sake zuwa.

Akwai wani dattijon makanike a Faskari, abokin Baba tun suna samari, wanda ya san injin gas kamar yunwar cikinsa. Ranar da babu aiki a gona na tuƙa motar na kai masa. Ya sa aka ɗaga ta, ya juya kowace taya da hannu don ya ji ko birki na riƙewa. Babu. Ya duba ƙaramin giyan da ke haɗa ƙafafun gaba, ya ce wani lokaci mutum kan fito daga laka ya manta bai cire shi ba, ya yi ta tafiya da shi a kan kwalta, motar ta yi ta sha. Amma a cire yake. Ya kwance nozul, wato bakunan da ke fesa gas cikin inji, ya gwada su ɗaya bayan ɗaya. Guda ɗaya ya ɗan fara tsiyaya maimakon feshi, ya sauya shi.

Yana wanke hannu sai ya zagaya baya, ya cusa yatsa cikin salansa, ya fiddo shi da baƙar toka mai danshi. Ya murza, ya sunsuna.

Ya ce, "Ɗan nan, motar ga tana yawan tsayawa a kunne?"

Na ce a'a. Daga gida sai gona, daga gona sai gida.

Ya sake duba yatsan. Ya ce, "To. Irin tokar ga dai, injin da ke aiki a tsaye ke yin ta. Amma ka tafi, mu ga abin da nozul zai yi. Ka gaishe mini da Alhaji."

Ban ɗauki maganar da nauyi ba. Daga nan na wuce Sabuwa da kayana, tunda ga mota a hannu. Na cika tanki kafin in tashi, na dawo Ƙanƙara ina satar kallon allura a duk tafiyar. Ta sha daidai abin da na san tana sha tun da can. Na miƙa wa Baba makulli ina jin cewa wannan karon an gama.

Ba a gama ba. A hannuna lafiyarta lau, a hannunsa kamar an huda tanki. Na rasa yadda zan yi wa mahaifina tambayar da ke bakina, don ba a tambayar dattijo ina yake zuwa da motarsa. Sai na ce masa ina so in bi shi gona in ji ƙarar injin a kan hanyar daji, ko can ne take nuna halinta.

Ya dube ni na ɗan lokaci. Ya ce, "Kasuwarka fa?"

Na ce za ta jira.

Ya ce, "To, ka shirya da wuri."

Na daɗe rabona da gonar. Mun ɗauki 'yan ƙwadago a bakin gari, yawancinsu magidanta, da wasu mata da za su yi cirar ciyawa a cikin wake. Bayan mun wuce 'Yargoje muka sauka daga babbar hanya, Baba ya sa ƙaramin giya, motar ta riƙa ratsa laka tana gurnani. A da, wannan hanyar cike take da kekuna da amalanken shanu da mata masu kai abinci. Ranar, gona ɗaya an nome, uku sun zama saura, ciyawa ta kai ƙugu. Hirar da ake yi a bayan mota ta mutu tun da muka bar kwalta. Kowa a yankinmu ya san dalili. Shekarun nan ɓarayin daji kan fito a kan babura su kwashi mutane a gonaki. Amma a gida abin da Baba ke faɗa kullum shi ne, ɓangarenmu lafiya, abin can yamma yake.

Da muka isa, bai tsaya a gindin ɗorawar da na sani ba. Ya wuce ta, ya yi kwana a hankali, ya juyo da hancin motar ya fuskanci hanyar da muka fito. Ya sauke ƙofar baya. Ya buɗe ƙofarsa ya bar ta a buɗe. Ya fita ya ɗauki fartanyarsa, inji na ta bugawa.

Na ce, "Baba, ka manta ba ka kashe ba."

Na miƙa hannu wajen makulli. Wata mata daga cikin masu cirar ciyawa, wadda ta kusa sa'ar Inna mahaifiyarmu, ta ce da sauri, "A'a, ɗana, bar ta!" Sauran duk sun tsaya suna kallona.

Baba ya ce musu, "Ku tafi aikinku, ba mai kashe ta." Sannan ya yafito ni muka koma gefe.

Ya ce, "Ka san maƙwabcinmu na gabas, mai gonar da ke bakin rafi?"

Na ce na san shi, na kuma ji abin da ya same shi bara.

Ya ce, "Abin da ba ka ji ba, ya hango su tun daga nesa. Ya isa wurin babur ɗinsa da sauran lokaci. Ya yi ta buga shi, ya ƙi tashi. A kansa suka same shi." Ya nuna motar da haɓa. "Wannan kuwa ka san halinta. Wata rana bugu ɗaya, wata rana sai an lallashe ta. Mutanen ga da iyali suka bari a gida. Na ce musu muddin suna cikin gonata, motar na kunne, hancinta na kallon gari. Da wannan sharaɗin suke biyo ni. In na kashe ta, gobe ni kaɗai zan zo."

Na ce, "Tun yaushe?"

Ya ce, "Tun shuka."

"Amma Baba, ka bar ni ina ta yawo da ita gareji gareji."

Ya ɗan yi murmushi, ba na jin daɗi ba. "Fitar ai ta toshe da gaske. Nozul ɗin ma ka ce ya lalace. Ba a yi asara ba."

Na yini a gonar. Na karɓi fartanya na yi abin da zan iya, hannuna ya yi kanta kafin azahar. Masarar ta yi kyau irin wanda ban taɓa gani ba, kore shar, ganye na sheƙi. Amma ba wanda ya yi waƙar noma, ba wanda ya yi nisa da motar fiye da inda zai iya kaiwa da gudu. In wani ya gaji ya miƙe, daji yake fara dubawa kafin ya share gumi. Da lokacin salla ya yi, rabi suka yi, rabi suka tsaya, sannan aka sauya. Duk wannan, injin na bugawa a bayanmu, hayaƙi na fita a hankali yana bin kunyoyi. Ba abin da ya faru ranar. Muka dawo lafiya.

Inna na tsakar gida tana tankaɗe da muka shiga. Ta san dalilin tafiyata, don haka ta ce, "To, an gano abin da ke damun motar?"

Na ce, "Motar lafiyarta lau, Inna."

Ta ajiye rariya. "To mi ke shan gas ɗin?"

Na dubi Baba. Yana cire takalmi a bakin ɗakinsa. Da ya ce tsufa ne, da na yi shiru an wuce wurin. Amma ina jin ya gaji da riƙon maganar shi kaɗai. Ya faɗa mata da bakinsa, a gajarce, kamar mai ba da labarin gonar wani.

Inna ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Ashe kullum da ka fita, da shirin gudu kake fita, ni kuwa ina nan ina dama maka fura." Ta tashi ta shiga ɗaki.

Washegari ta kira babban wanmu, wanda ke aiki a Katsina, ya zo ƙarshen mako. Aka zauna a ɗakin Baba. Yaya ya yi magana cikin ladabi, amma bai bar ƙofa ba. Ya ce ƙarar injin da ke kwantar wa mutane da hankali, ita ce kuma za ta hana su jin babura sai sun iso. Ya ce hatsin shekara mu za mu iya saye, amma in aka ɗauke Baba, ba mu san abin da za mu sayar ba, ba mu kuma san ko zai dawo ba. Yaya ya tambaye ni abin da na gani, na faɗa.

Baba ya saurara har ƙarshe. Ya ce, "Ku bar ni in kwashe abin da na shuka." Aka amince. Ya ƙarasa daminar, ni na ci gaba da cika tanki ban sake cewa uffan ba. Da kaka ya kawo masara da dawa da wake har rumbu ya kasa ɗauka, aka jera sauran buhuna a zaure. Ita ce shekararsa ta ƙarshe a gona. Da bazara ta zo, shi da kansa ya ce a nemi mai sayen motar, don ba ya son ganinta a tsaye. Wani mai fataucin hatsi daga Sabuwa ya ɗauke ta.

Ba zan ce shawarar da aka yanke kuskure ce ba. Bayan mun bari, an sha kwasar mutane a wannan ɓangaren, har da wasu da suka taɓa hawa bayan motar Baba. Amma na ga abin da zama ya yi masa. Mutumin da rana ba ta taɓa fito masa a gida ba, ya koma zaman ƙofar gida daga hantsi zuwa azahar. Ƙafafunsa suka fara ciwo, maganarsa ta ragu. In hadari ya haɗu sai ya tashi ya tsaya a bakin titi yana kallonsa, ya dawo ya zauna. Nakan ce a raina, da na bar zancen a kan tsufan mota kamar yadda ya so, wataƙila da ya ƙara damina ɗaya ko biyu a gonarsa. Wataƙila kuma da yanzu wani labarin nake ba da wa. Ban san wanne ba, kuma rashin sanin bai rage mini komai ba.

Hatsin wannan kakar ya kai mu nesa, amma ya ƙare. Ranar da Inna ta share ƙasan rumbu, ta kira ni gefe ta ce in sayo masara a kasuwa, in shigo da ita ba tare da hayaniya ba. Tun da aka haife ni ba a taɓa auno hatsi a gidanmu ba. Na ɗoro buhun a babur, na yi rashin sa'a na tarar da Baba a zaure. Ya ce in sauke. Ya kwance bakin buhun da kansa, ya nutsa hannu har gwiwar hannu, ya ɗebo daga ƙasa. Ya ɗauki ƙwaya ɗaya ya ciza.

Ya ce, "Ba ta gama bushewa ba suka karye ta. Sauri suke yi su bar gona." Ya mayar da sauran cikin buhu, ya kakkaɓe hannu. "Ka ce wa innarku ta shanya ta kafin a kai niƙa."