Mutumin da Ba Ya Jiran Waƙar Ƙarshe

Wendell Balke ya yi shekara talatin da huɗu yana rarraba wasiƙu a garin Sedalia, kuma ba a taɓa kai ƙararsa kan makara ba. Matan unguwa da wucewarsa suke saita agogo. Shi ba mugu ba ne, ba kuma mai fara'a ba. Dogo ne mai ɗan ranƙwafawa, wanda ya ɗauki tsayuwa a layi tamkar cin mutunci. Ko a coci kujerar bakin ƙofa yake kamawa, ana cewa amin yana waje.

Da ya yi ritaya sai ya yi abin da sa'o'insa ke yi. Ya sayi motar-gida, doguwar nan mai gado da kicin da banɗaki a ciki, ya ɗaura wata 'yar ƙaramar mota a bayanta kamar ɗan maraƙi. Duk watan Oktoba, in ganye ya fara ja, shi da matarsa Nadine sukan gangara garin Branson su yi kwana goma suna kallon wasannin dandamali. Zango ɗaya suke sauka a bakin tafki, fili mai lamba goma sha huɗu, don shi ya fi kusa da ƙofar fita.

Ranar da suka isa, Nadine takan je ofishin zango ta kwaso takardun talla cike da hannu, ta baza a kan teburi. Gidajen wasa sun fi arba'in a garin, kowanne yana rantsuwa babu kamarsa. Ga mawaƙa, ga masu ban dariya, ga masu dabo, ga masu sukuwa da dawaki ana cin abinci. Ita hotuna take kallo. Shi taswira.

"Dubi waɗannan 'yan'uwan, su shida, duk uwa ɗaya uba ɗaya. An ce muryarsu kamar a coci."

"Ta ina ake fita daga filin motocinsu?"

"Wendell, waƙa na ce maka."

"Na ji. Ta babban titi ake fita ko akwai hanyar baya?"

Haka suke zaɓe. Wasan ƙarfe biyu na rana, kujerar bakin hanya, gidan da ke da hanyar baya. Abinci kuma a gidan ɗebi-da-kanka da ke kan tudu, ƙarfe huɗu da kwata, kafin motocin bas su juye tsofaffi su cinye cinyoyin kaza. Jirgin ruwan da ke zagaya tafki, wanda Nadine ta yi shekara biyar tana kwaɗayi, bai taɓa shigarsa ba. Ya ce duk wurin da mutum ba zai iya tashi ya tafi in ya ga dama ba, kurkuku ne, ko da ana kiɗa a ciki.

Akwai kuma abin da duk wanda ya saba da garin ya sani. In aka saki tutar ƙasa daga saman dandamali, aka ce tsofaffin sojoji su miƙe a tafa musu, to wasa ya zo ƙarshe, saura waƙa ɗaya ko biyu. Da ganin tutar Wendell yake tashi. Kafin jama'a su gama tafi ya fito da mota ya tsaya a gaba. Ba shi kaɗai ke yin haka ba. Maza da yawa cikin masu zuwa garin sun biya kuɗin wasa ɗari ba su ga ƙarshen ko ɗaya ba, kuma suna alfahari da hakan.

Takarda ɗaya ce Nadine kan ware gefe kowace shekara. Ta wani ƙaramin gidan wasa ce a bayan gari. A hoton makaɗan, na biyu daga hagu wani mai farin gemu ne riƙe da goge. Dewey ke nan, ƙanen Wendell, shekara shida tsakaninsu.

Ba wani babban faɗa suka yi ba. Dewey yana da ashirin da ɗaya ya bar gonar babansu ana tsakiyar girbi, ya bi makaɗa. Wendell ya raka shi bakin ƙofa da magana ɗaya: "Ranar da ka gan ni zaune ina kallon wannan shashanci naka, a ɗaure ni a kai ni asibiti." Suna gaisawa a wurin biki ko jana'iza saboda iyaye. Da aka binne uwarsu, dalilin haɗuwa ya ƙare. Shekara goma sha tara babu waya, babu kati. Kowa yana jiran ɗan'uwansa ya fara, har jiran ya zama hali.

A shekararsu ta shida da fara zuwa Branson, maƙwabciyarsu a zango, wata gwauruwa mai suna Opal da ke tuƙa motarta ita kaɗai daga Kansas, ta shigo shan kofi ta ga takardar.

"Wannan mai gogen ai na gan shi jiya. Bana zai ajiye, in ji mai gabatarwa. Yatsu sun fara sandarewa." Ta kalli hoton, ta kalli Wendell. "Kai, wannan hancin naku gado ne? Ɗan'uwanka ne?"

"Ƙanensa ne," in ji Nadine.

"Kuma ba ka taɓa zuwa ba? Kai tsohon banza! Ka kalli karnuka masu tuƙa keke, ka kalli mai haɗiye wuta, ƙanenka kawai ka raina?"

"Filin motocinsu ƙofa ɗaya gare shi," in ji Wendell.

"Kabari ma ƙofa ɗaya gare shi, ai za ka shiga."

Bayan ta tafi ya daɗe yana goge madubin motar da babu datti a kansa. Da ya shigo ya ce wa Nadine, ba tare da ya dube ta ba, "In za ki sayi tikitin, ki ce kujerar bakin hanya."

Ranar Alhamis ya yi aski sau biyu, ya sa rigar da ya ajiye don coci. Yana son zuwa, wannan babu shakka. Ya ma tsara abin da zai faɗa in an tashi, lokacin da makaɗa ke jeruwa a bakin ƙofa suna musabaha da jama'a kamar yadda ake yi a kowane gidan wasa na garin. Kalmomi kaɗan ne: "Dewey, ka iya. Na yi kuskure." A hanya yana ta motsa baki yana maimaitawa.

Abin da bai sani ba shi ne, a bakin zauren akwai akwatin da mutane ke jefa 'yar takarda don a ambaci ranar aurensu ko ta haihuwarsu. Yana can yana leƙen ƙofofin fita, Nadine ta rubuta sunansa da lambar kujerarsa ta jefa. A hutun tsakiya aka karanta na kowa. An taya wasu murnar shekara hamsin da aure, an gai da tawagar wata coci daga Iowa. Ba a karanta tata ba. Ta ɗauka an yar.

Wendell kuwa tun da aka buɗe labule bai motsa ba. Dewey ya tsufa, ya yi tumbi, amma in ya ɗora gogen a kafaɗa sai zauren ya yi tsit. Yana karkata kai hagu in ya kai wuri mai wuya, yadda uwarsu ke yi in tana zura zare a allura. Wendell bai san kiɗa ba, amma ya san aikin da aka iya in ya gani. Sau biyu Nadine ta ga yana buga ƙafa.

Sai aka saki tuta.

Ƙafafunsa suka miƙe kafin ya yi shawara da su. Nadine ta cafke hannun rigarsa.

"Yau kam ka zauna."

"Bas huɗu na ƙirga a waje. In suka riga mu fita sai shida. Mota kawai zan matso da ita bakin ƙofa in dawo."

"Wendell, don Allah."

"Minti biyar, 'yar tsohuwa."

Daga baya mutane sun yi ta gardama, wasu su ce sabo ne ya tashe shi, wasu su ce tsoro. Duka biyun ne. Mutum in yana tsoron abu, ba ya rasa tsohon halin da zai ɓuya a bayansa.

Ya fito da mota ya tsaya a bakin ƙofar fita, shi ne na ɗaya. Ya ji daɗin hakan, kamar kullum. Zai kashe inji ya koma ciki ke nan sai ya ga babu inda zai bar motar ba tare da ya tare hanya ba. Ya ce bari ya jira Nadine ta zo ta zauna a ciki. Jama'a suka fara fitowa. Motoci suka jeru a bayansa. Nadine, wadda kullum tana cikin goman farko, ba ta fito ba sai da layin ya kai mota talatin, ana ta danna masa oda.

Ta shiga ta rufe ƙofa. Fuskarta ba ta da kyau.

"Ina kika tsaya?"

"Ya kira ka."

"Wa?"

"Dewey. Na rubuta takarda na jefa a akwati, ashe a aljihunsa take. Ana gama waƙar tuta ya karɓi abin magana ya ce, 'Jama'a, yau yayana yana cikin zauren nan. Shekara arba'in da ɗaya ina wannan sana'a bai taɓa saurarona ba sai yau. Yaya Wendell, tashi su gan ka.' Suka hasko fitila a layinmu. Ni kaɗai, da kujerarka. Mutum ɗari uku suna tafi suna waige-waige."

"Me kika ce?"

"Me zan ce? In ce ya tafi kama layin kaza? Dewey ya tsaya ya tsaya, sannan ya ce, 'To, da alama iyakar abin da zai iya jurewa ke nan.' Aka fashe da dariya, sun zaci cikin wasan ne. Koma, Wendell. Yana bakin ƙofa yanzu. Koma ka gaya masa."

Mai kula da filin yana ta kaɗa masa hannu ya wuce. Direban bas ya leƙo yana cewa, "Baba, ko a nan za ka kwana?" A hannun dama akwai ciyawa, fili guda, wanda zai ɗauki mota biyar. Sai dai Wendell bai taɓa hawa ciyawar mutane da mota ba tun da aka haife shi, kuma bai taɓa zama mutumin da ke tare layi ba. Ya ce, "Gobe." Ya taka mota.

Su suka fara isa gidan abincin. Suka zauna a teburin taga, kaza da zafinta, babu wanda ya ci rabin abin da ya ɗebo.

Washegari ya koma shi kaɗai. Ya ajiye mota can ƙurya, ya zauna tsakiyar layi, ya ga tuta ta sauka ya danne gwiwoyinsa da hannu biyu. Aka tashi, ya bi layin musabaha, mata masu sanduna a gabansa da bayansa. Da ya iso, Dewey ya dube shi ido cikin ido, ya miƙo hannu, ya yi murmushin da ya yi wa matar da ke gaba.

"Mun gode da zuwa, yallaɓai. Daga ina?"

"Dewey, ni ne. Jiya mota na je in..."

"Ai filinmu sai haƙuri, kowa na kuka da shi. Allah ya kiyaye hanya." Ya saki hannun, ya kama na matar baya. "Mutuniyata ta Iowa! Kin dawo ke nan?"

Layi ya tura Wendell gaba. Kalmomin da ya tsara suna bakinsa har ya isa mota. Da ya so, da ya zagaya ƙofar baya ya jira. Da ya koma ranar Asabar, da Litinin, har Dewey ya gaji. Bai yi ba. A ganinsa ya zo, ya tsaya a layi, an kore shi, nasa ya fita. Nadine ta ce masa wanda ya sa mutum jiran shekara arba'in bai kamata ya yi fushi da jiran kwana biyu ba. Ya ce ta bar maganar. Ranar Lahadi suka naɗe wayar lantarki da bututun ruwa suka koma Sedalia.

Bai sake zuwa Branson ba. Nadine ta ci gaba da zuwa tare da Opal. Motar-gidan ta zauna a gefen gida har tayoyinta suka nutse a ƙasa, daga baya aka sayar wa wasu ma'aurata daga garin Warsaw da ke kusa da su. Dewey ya ajiye goge a ƙarshen shekarar kamar yadda aka faɗa, ya koma wurin 'yarsa a Arkansas. Nadine ta aika kati sau uku da sunansu su biyu. Ba a dawo da su ba, ba a kuma amsa ba.

Bayan shekara huɗu 'yar ta bugo waya da hantsi. Ta ce babanta ya rasu, an binne shi mako biyu da suka wuce, sai yanzu ta ga lambarsu cikin takardunsa. Nadine ce ta ɗauka. Wendell yana tsaye a ƙofar kicin yana sauraro.

"Tambaye ta ko ya bar saƙo."

Nadine ta tambaya. Ta saurara, ta yi godiya, ta ajiye wayar.

"Babu," in ji ta.