Tubalin Baba

Ina tsince shinkafa, 'yata tana barci a bayana, ƙanwar maigidana ta shigo da wayarta. Malamar makaranta ce a nan Daura, kullum da abin da za ta nuna wa mutum.

"Matar Yaya, canki mene ne wannan."

Wasu abubuwa ne na jar ƙasa, gindi da faɗi, kai da tsini. Na ce, "Tubali ne mana."

Ta yi dariya har da buga cinya. Ta ce daga Misira ne, tun zamanin Fir'auna. Idan za a gina wa babban ma'aikacin sarki kabari, sai a yi irin waɗannan da yumɓu, a danna musu hatimi a gindi tun suna ɗanye, a jera su a saman ƙofa, tsinin cikin bango, rubutun yana kallon waje. Ta ƙara girman hoton, na ga 'yan tsuntsaye da layuka. Wai sunan mutumin ke nan da aikinsa, mai kula da rumbunan hatsi.

"Har yau an san sunansa?"

"Wani ma har da na matarsa."

Ni ban yi sha'awar kabarinsu ba, mu namu addu'a muke bin su da ita. Baba ne ya faɗo mini a rai. Magini ne a Dutsi, ya rasu ina da cikin yarinyar nan. Bai taɓa yarda an ɗauke shi hoto ba. Ni kuma mai sa abu a rai ce, na sha tambayar kaina me zan nuna mata in ta girma ta ce yaya kakanta yake.

A makon nan kuwa Inna ta faɗa mini damina ta ci ɗakin Baba, yayana zai rushe shi ya sa bulo, tsohuwar ƙasar kuma a kai gona. Baba da hannunsa ya dunƙula kowane tubali na ɗakin. Kuma hannunsa na dama ba irin na kowa ba ne, gatari ya guntule masa yatsan tsakiya tun yana saurayi.

Da safe na nemi izinin maigida na hau mota. Duk hanya ina addu'a kada na tarar an kwashe.

Na tarar har an rushe ɗakin, an kai amalanke biyu gona, saura tsibi guda. Na sauke goyo na miƙa wa Inna, na durƙusa ina juya tubali ɗaya bayan ɗaya.

Yaya ya tsaya a kaina riƙe da shebur. "Ke auta, zinariya Baba ya binne bai faɗa mana ba?"

"Yaya, hannunsa nake nema."

"Hannunsa? Inna, zo ki ji 'yarki, zaman birni ya taɓa ta."

Yawancinsu sun farfashe, wasu laka ta rufe su. Can sai ga Yaya ya ajiye shebur ya tsuguna, yana kankare su da farce. Shi ya samo shi. Gurbin yatsu a jere a gefe, na tsakiyar ya tsaya a rabi. Ya daɗe yana kallo kafin ya ba ni. Inna ta shafa, ta ce, "Allah ya jiƙan mai ɗakin nan." Muka ce amin.

Na naɗo shi a zane. Sabuwar damuwa kuma ta same ni a mota: uwar mijina za ta ga na shigo da dunƙulen ƙasa a ƙunshe, me za ta zata? Don haka ita na fara kai wa, na kwance a gabanta na yi bayani.

Ta juya shi, ta ce, "Aiki mai kyau, ya ji ciyawa. Kada dai ki ajiye kusa da randa."

Yana cikin babbar langa a saman jerena. Yarinyar ta shekara uku yanzu. Takan ce a sauko mata da Kaka, ta sa hannunta a gurbin, ta lanƙwashe yatsanta na tsakiya don ya yi daidai.