Kwafi na Biyu a Ɗakin Kaset

Shekarunta hamsin da takwas, kuma ita ce mai kula da ɗakin ajiyar kaset na wani gidan rediyo. Ma'aikata na kiranta Anti Kaset, har waɗanda suka girme ta. Ta kama aikin tana budurwa, a cikinsa ta yi aure, a cikinsa ta aurar da 'ya'ya biyu, yanzu ritaya ta kusa.

Ɗakin yana ƙarshen baranda, bayan ofishin masu labarai. Babu taga, sai fanka ɗaya da kantocin ƙarfe har rufi. Dattijon da ya koya mata aikin ya rasu tuntuni, amma ya bar mata ƙa'idar da ba ta taɓa karyawa ba. Wuri ya yi kaɗan, saboda haka ba a ajiye shiri ɗaya sau biyu. Idan kaset biyu suna ɗauke da abu guda, a saurari duka, a ɗora mai kyau a kanta, a goge ɗayan a mayar wa masu shirye-shirye su sake naɗa. Da wannan ta yi suna. Ɗakinta tsaf, ko ƙura ba ta kwana.

Bara Manaja ya ce za a juye komai cikin kwamfuta, domin ana son rabin ɗakin a yi sabon situdiyo. Injiniyar gidan, wata mata mai saurin magana da saurin tafiya, ta kafa injin ta koya mata cikin safiya guda. A sa kaset, a danna nan, a rubuta suna, a ajiye. Anti ta rubuta matakan a kwali ta manna a bango, kuma ba ta taɓa linzamin kwamfutar sai ta yi bisimilla.

"Kaset idan zai lalace ina gani, har warinsa ina ji," in ji ta. "Wannan abin ba ya wari. Sai dai ka wayi gari."

Tsofaffin kaset ɗin sun gaji. Zarensu ya yi laushi, wasu sau ɗaya kawai suke iya juyawa a inji, su fito suna zubar da gari mai ruwan ƙasa. Duk wanda aka juye ana jefa shi a kwali, mota ta zo ta kwashe. Abin da ya shiga kwamfuta shi ne ya rage.

A farkon aikin ne wani tela ya zo nemanta. Mahaifiyarsa ungozoma ce, an taɓa hira da ita a shirin mata, ta rasu yana ƙarami, bai san muryarta ba. Anti ta gano kaset ɗin a kanta ta ƙasa. Yana cikin masu juyawa sau ɗaya. Ta juye shi, ta saurara daga farko har ƙarshe, ta kira telan a waya.

"Malam Tela, an dace. In kunna maka yanzu?"

"A'a, Anti, don Allah kar ki kunna. Yayata tana nesa. In na riga ta ji, ba za ta yafe min ba har a tashi duniya. In ta zo, tare za mu zo."

Watanni suka wuce. Kwamfutar ta fara nauyi, tana fito da saƙon cewa wuri ya kusa cika. Anti ta duba, sai ta ga kowace folda ta fito sau biyu, ɗaya a cikin kwamfutar, ɗaya a wani gefe mai hoton ɗan gajimare. Ta buɗe wannan ta saurara, ta buɗe waccan ta saurara. Abu ɗaya ne. Ta yi abin da ta saba. Ta goge ɗaya, ta leƙa ta ga ɗayar tana nan, hankalinta ya kwanta. Haka ta riƙa yi kaɗan-kaɗan bayan azahar, daga tsofaffin foldoji zuwa sababbi. Kafin ta tashi kuma takan zubar da kwandon sharar kwamfutar, kamar yadda take zubar da na ƙarƙashin teburinta.

Ba ta san foldojin a ɗaure suke da juna ba. Ta gajimaren ajiya ce ta intanet, kuma duk abin da aka yi wa ɗaya sai ya sami ɗayar. Intanet ɗin ɗakin ba shi da ƙarfi, shi ya sa ta biyun ba ta ɓacewa nan take, sai bayan ta kulle ƙofa. Ita kuma gaba take ci, ba ta waiwaye.

Ranar da telan ya bugo ya ce yayarsa ta kusa zuwa, Anti ta buɗe foldar shirin mata don ta shirya musu. Fayau. Ta rufe ta sake buɗewa. Ta buɗe ta kusa da ita, babu komai. Ta gaba ma haka. Zufa ta karyo mata a ƙarƙashin fanka. Ta tashi ta je inda kwalayen suke zama, ta tarar da kafintoci suna buga katakon situdiyo.

Ba ta gaya wa kowa ba. Ta daina gogewa, ta ci gaba da juye kaset kamar babu abin da ya faru. Duk takun da ta ji a baranda sai ta ɗago ta kalli ƙofa. Idan wayarta ta yi ƙara ta ga telan ne, sai ta kife ta a tebur har ta yi shiru. Shagonsa yana kan hanyarta ta zuwa aiki, sai ta koma zagayawa ta bayan kasuwa, ƙafafunta na ciwo. Wata rana Manaja ya shigo da baƙi yana nuna musu ɗakin.

"Duk tarihin gidan nan yana cikin wannan akwati. Ko ba haka ba, Anti?"

"Yana nan, ranka ya daɗe," ta ce.

Mijinta tsohon direba ne da ya ajiye tuƙi, mai yawan tsokana. Tun da aka kawo kwamfuta yake kiranta Injiniyar Gidanmu. Shi ya fara lura tana barin shayinta ya huce, zane kuma yana yi mata yawa.

"Injiniyar Gidanmu, kwamfutar ce ke cinye miki abinci, ko ke ce kike ba ta?"

Ba ta yi dariya ba. Ya ajiye kofinsa.

"Ke, lafiya?"

"Baban Auta, na kashe mutane."

"Inna lillahi! Su wa?"

"Waɗanda suka riga suka mutu. Na sake kashe su."

Ta ba shi labari tana kallon tabarma. Ya tambaye ta ko ta gaya wa injiniyar gidan rediyon, ta ce idan ta faɗa korarta za a yi ana dab da sallamarta da mutunci, kuma da wane ido za ta kalli telan.

"Ni na yi shekaru ina tuƙi," ya ce, "ban taɓa ɓoye wa makanike ƙarar mota ta warke da kanta ba. Ɗauko mayafinki. Ni zan raka ki har bakin ƙofa, kar ki zille ta bayan kasuwa."

Injiniya ta saurare ta a tsaye, sannan ta ja kujera ta zauna gaban kwamfutar.

"Anti, yaushe kika fara gogewa?"

"An daɗe, 'yar nan."

"Yaushe kika gane?"

Anti ta faɗa. Injiniya ta dube ta. Ta bayyana mata cewa ajiyar intanet tana riƙe abin da aka goge na kamar wata guda kafin ta watsar. Ta shiga wani shafi da Anti ba ta taɓa gani ba, foldoji suka fara dawowa ɗaya bayan ɗaya. Anti tana tsaye a bayanta tana karanta sunayen a hankali, hannunta riƙe da kan kujera. Fiye da rabi suka dawo. Aka kai wurin da jerin ya tsaya. Shirin mata ba ya ciki. Wa'adinsa ya cika ne a cikin makonnin da ta yi shiru. Injiniya ba ta faɗa ba, Anti ce ta duba kwanan watan ta gane da kanta, ta zauna a kan kwali.

"Laifin ba naki ba ne ke kaɗai," in ji Injiniya. "Na koya miki sakawa, ban koya miki cirewa ba. A nan ba a zubar da kwafi na biyu, Anti. Na uku ma ake nema."

Tare suka je ofishin Manaja. Bai yi faɗa ba, kuma Anti ta ce da ya yi da ya fi mata sauƙi. Ya ce za a kafa kwamiti. Har yanzu kwamitin bai kira ta ba, kuma duk takardar da masinja ya shigo da ita sai ta ɗauka ta kwamitin ce. An cire mata ikon gogewa. Ana ajiye komai a wuri uku, ɗaya a wani ƙaramin akwati da ake kullewa a durowa. Kowace safiya Injiniya tana zama da ita ta nuna mata abu ɗaya sabo, ta sa ta maimaita. Anti takan buɗe foldar da ta ajiye jiya don ta ga ko tana nan, ta sake buɗewa kafin azahar, ta sake kafin ta tashi.

Saura telan. Mijinta ya ce zai je a madadinta, ta ce a'a.

Ranar Talatar da ta wuce ta bi babbar hanya. Ta wuce shagon, ta kai wurin mai gyaran takalma, ta dawo. Yana kan keke yana ɗinkin rigar makaranta, wata mata mai kama da shi tana zaune a benci tana cire zare.

"Anti! Mun ɗauka kin canza lamba. Ga Yaya, tun wancan makon take jira."

Ta gaishe su a tsaye. Ta ce muryar mahaifiyarsu babu ita, ita ta goge da hannunta, kaset ɗin ma babu, kuma da ta yi magana da wuri da an same ta. Keken ya tsaya. Yayar ta sa gefen mayafi ta rufe bakinta.

"Amma ke kin ji ta?" in ji telan, bai ɗago ba.

"Na ji."

"Duka?"

"Duka."

Yayar ta matsa gefe, ta kawar da ƙyallayen da ke kan bencin. Anti ta zauna, ta ɗora jakarta a cinya. Ta ce ba za ta iya kwaikwayon muryar ba, kuma wasu abubuwan sun kwance mata. Sannan ta fara daga inda mai gabatarwa ta tambayi ungozomar ko tana jin tsoro idan haihuwa ta zo da gardama, ungozomar kuma ta ce kullum.