Oba-obar da ta rage a ɗakina

Ni direba ne a Riyad, ban san teku ba, ban kuma nemi saninsa ba. Amma kafil ɗina, Balaraben da nake wa aiki, wanda iƙamata, wato takardar zamana a ƙasar, ke hannunsa, yana da ɗan jirgin ruwa na shaƙatawa can gabas a bakin teku, kuma duk wata takarda ta gidan a kaina take ƙarewa.

Matuƙin jirgin mutumin Yawuri ne, ya girme ni, Yaya nake ce masa. Idan ya zo Riyad sai ya tsokane ni: "Ƙanena, garin da ba kogi ai hukunci ne." Da kafil ya shirya tafiya wata ƙasa da jirgin, Yaya ya zaunar da ni a wani shagon shayi a unguwar Murabba ya yi mini bayani. Rediyon oba-oba na jirgi, in za a tsallaka ruwan wata ƙasa, sai da lasisin na'urar, da lambar kiranta, da shaidar mai riƙe ta. Ya maimaita har sau biyu. Na ce na ji, alhali hankalina na kan motar da na ajiye a inda bai kamata ba.

Na je na cike takardar yawo a ruwan gida. A ganina lasisi ai lasisi ne. Kaico!

Ana jibi tafiya kuskuren ya fito. Kafil ya yi ta faɗa, ya ce ba zai je ƙasar mutane a kama shi da na'ura marar izini ba, ba zai kuma fasa ba. Ya sa aka kwance rediyon, ya ce wayar hannu ta isa. Ni na ɗauko ta a bayan mota na dawo da ita Riyad. Yaya bai zage ni ba, da ma ya zage ni. Cewa kawai ya yi, "Ajiye mini ita da kyau."

Inji ya mutu musu a inda waya ba ta kamawa, iska kuma ta taso. Yaya ya sauka duba farfela, igiyar ruwa ta raba shi da jirgin. Daga baya kafil ya ce akwai wani babban jirgi da suke hangowa, ba abin kiransa. Shi an tsince shi washegari. Yaya ko gawarsa.

Rediyon tana nan a ɗakina, ba wanda ya tambaye ta. Sau ɗaya na haɗa ta da batirin mota bayan la'asar, na ji shuuu kawai, na kashe. Wallahi har yau tsoronta nake.

Da na kira mahaifiyar Yaya gaisuwa, sai ta ce, "Ɗana, ya ce mini jirginsu na da abin kiran taimako. Ya kira ba a zo ba ne?"

Ina kallon na'urar na ce, "Inna, ya kira."